Zafin Kano daban, na Zanzibar daban: jagora ga mai shirin hutu a bakin teku

Duk wanda ya tashi a gidan da ake ajiye randa ya san wani abu, ko da bai taɓa zama ya yi tunaninsa ba: ruwan randa ya fi sanyi a Maris da Afrilu, lokacin da rana ke gasa ƙasa, fiye da watan Agusta da ake marka. Randa zufa take yi. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, busasshiyar iska ta kwashe shi, ta tafi da zafin. Idan kuwa iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta da inda za ta sa wani, sai randar ta zauna a jiƙe, ruwan ciki ya yi ɗumi. Jikin ɗan Adam haka yake aiki, kuma a nan ne mutumin Arewa yake shan mamaki ranar da ya sauka a tsibiri irin Zanzibar.

Za ka ga mutum biyu sun je wuri ɗaya. Ɗaya ya dawo yana cewa ko gobe aka ce ya koma zai koma, ɗayan kuma ya ce kuɗinsa ya zubar, ya kwana bakwai yana tsiyayar gumi, tekun da ya gani a hoto ma bai tarar da shi a ƙofar otal ba. Babu maƙaryaci a cikinsu. Wata ne ya bambanta, da gefen tsibirin da kowa ya sauka, da kuma yadda kowa ya raba yininsa. Abubuwan nan duk a gida ake yanke su, kafin a biya ko kwabo.

Mataki na farko: ka yarda ba ka san wannan zafin ba

Mu da muka saba da digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, idan muka duba waya muka ga Zanzibar tana 31 ko 32, sai mu yi murmushi. Wannan murmushin ne kuskuren farko. Unguja, babban tsibirin da galibi ake nufi idan an ce Zanzibar, yana kusan digiri 6 ne kudu da layin da ya raba duniya biyu, Tekun Indiya ya kewaye shi ta ko'ina. Laimar iskarsa takan zauna tsakanin kashi 70 zuwa 80 cikin 100, da damina ta wuce haka. A Kano da hunturu takan sauka ƙasa da kashi 20. Digiri 32 da laima kashi 70, jiki yana jinsa kamar 40 ne ko fiye, kuma inuwa ba ta yin maganinsa kamar yadda take yi a wajenmu. A bazarar Arewa, ka shiga ƙarƙashin dalbejiya ka watsa ruwa a kai, ka samu sa'ida. A can, ka yi wanka ka fito, kafin ka gama ɓalle maɓallin riga bayanka ya jiƙe.

Dare ma ba ya hucewa sosai. A watannin zafi yakan tsaya wajen 24 ko 25, ga iska mai nauyi. Abin da ke ceton mutum shi ne kadawar iskar teku, shi ya sa ɗakin da yake fuskantar ruwa da wanda yake bayan gari, tazarar tafiyar minti biyar, sai ka rantse ba gari ɗaya suke ba.

Wanda ya taɓa zama a Legas ko Fatakwal ko Kwatano ya san maganar. Wanda bai taɓa ba, ya tuna ranar da hadari ya haɗu a watan Yuni ya ƙi zubarwa, gari ya yi tsit, kowa yana fifita. To, ya ɗauka haka yini zai riƙa kasancewa, sai dai akwai teku a gabansa da zai faɗa ciki.

Mataki na biyu: zaɓen wata

Nan ne rabin nasarar tafiyar take, don haka zan daɗe a kai. Mutanen tsibirin da iska suke lissafin shekararsu, tun zamanin da jiragen fatake masu filafilai ke zirga-zirga tsakanin Oman da Indiya da gaɓar gabashin Afirka. Iskar da ke busowa daga arewa maso gabas suna kiranta kaskazi, tana kadawa daga wajen Disamba zuwa Maris. Wadda ke zuwa daga kudu maso gabas kuma kusi, ita ce ke da ƙarfi daga Yuni zuwa Satumba. Tsakanin biyun nan damina biyu ce: babba, masika, daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Mayu, da ƙarama, vuli, wadda ta fi ƙarfi a Nuwamba.

Idan wannan ce tafiyarka ta farko, ka je tsakanin Yuni da farkon Oktoba. Rana takan tsaya wajen 28 zuwa 29, dare ya sauka kusa da 21 ko 22, laima ta ragu, iska tana kadawa. Yuli da Agusta su ne lokacin da baƙi suka fi yawa saboda hutun Turawa, kuɗin ɗaki yana hawa. Ni da za a bar ni da zaɓi, Satumba zan ɗauka: cunkoso ya fara raguwa, zafi bai dawo ba, ruwan sama kaɗan ne.

Janairu da Fabrairu ba ruwa sosai, sama tas, teku a gefen yamma kamar madubi, amma su ne watannin gumi. Masu son hoto da ninƙaya suna jin daɗinsu. Dattijo mai hawan jini ko mace mai tsohon ciki ko jariri, ban ba da shawara a kai su a wannan lokacin ba. Ƙarshen Disamba kuwa ga zafi ga tsada, domin bukukuwan ƙarshen shekara.

Afrilu shi ne tarko. Za ka ga kuɗin otal ya faɗi warwas, ranka ya biya. Ka tuna araha ba ta ado. A wata ɗayan nan ruwan da ke sauka yakan kai wajen milimita 400, ya fi abin da Kano ke samu a Agusta, watan da ya fi kowane ruwa a wajenmu. Wasu otal-otal ma rufewa suke yi su yi gyare-gyare. Idan abin da kake nema shi ne ka kaɗaita, ka yi karatu ko rubutu kana jin ruwa yana dukan rufi, to ba laifi. Amma ango da amarya da suka tara kuɗi don su ga shuɗin teku, su nisanci Afrilu da farkon Mayu. Ruwan vuli na Nuwamba bai kai haka ba, yakan zuba na sa'a ɗaya ko biyu ya ɗauke, sai dai bayan ya ɗauke ƙasa takan yi tururi.

Sai ka duba kalandar Musulunci. Kusan dukkan mutanen Zanzibar Musulmi ne. Da azumi gidajen abinci da yawa na cikin gari a rufe suke da rana, kuma ba a son a ga mutum yana ci a kan titi. Ga mai azumi, buɗa-baki a can abin tunawa ne, amma azumi cikin laimar da ba ka saba ba yana da wuya, sai ka shirya. Bikin ƙaramar Sallah kuwa kwana huɗu suke yi, filin Mnazi Mmoja ya cika da yara cikin sababbin kaya.

Mataki na uku: takardu

Zanzibar ɓangare ce ta Tanzaniya tun haɗewarta da Tanganyika ranar 26 ga Afrilu, 1964, amma tana da shugabanta da majalisarta, kuma ko daga Darussalam ka tsallako za a duba fasfonka. Bizar Tanzaniya ake nema, ta intanet. Masu fasfon Nijeriya da Nijar da Chadi sun daɗe a jerin waɗanda sai an tantance takardunsu kafin a amince, saboda haka ka nema da wuri, kamar wata biyu kafin tafiya, kuma kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai bizar ta fito. Fasfonka ya kasance da sauran aƙalla wata 6.

Katin rigakafin zazzaɓin shawara dole ne ga mai fitowa daga ƙasashenmu, kuma allurar sai ta yi kwana 10 kafin katin ya fara aiki. Tun 1 ga Oktoba, 2024 kuma gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta dala 44, ko da kana da wata inshorar daban. Ka saya ta intanet kafin ka tashi, ka ajiye shaidar a waya da kuma a takarda. Otal zai karɓi harajin kwana, 'yan daloli kan kowane mutum a kowane dare, ka tambaya ko yana cikin kuɗin da aka faɗa maka.

Hanya mafi sauƙi daga Arewa ita ce Ethiopian Airlines daga Kano ko Abuja, a ya da zango a Addis Ababa, a sauka a filin jirgin Abeid Amani Karume da ke gefen birnin Zanzibar. Daga Legas akwai Kenya Airways ta Nairobi. Wanda ya sauka a Darussalam zai hau jirgin ruwa mai gudu, tafiyar kamar sa'a 2. A watannin kusi tekun nan yana da tangaɗi, musamman da yamma, mai saurin amai ya hau na safe. Kuɗin ƙasar shilin ne. Ka riƙe daloli sababbi masu tsafta ka canza, domin tsofaffin bugu ba a son karɓarsu. Kada ka sa leda a kayanka, an hana ta a Tanzaniya tun Yunin 2019.

Mataki na huɗu: wane gefen tsibirin?

Wannan shi ne abin da hotunan talla ba sa faɗa. Tekun nan yana cika ya janye sau biyu a yini, kuma bambancin tsayin ruwan yakan kai kusan mita 4. A gefen gabas, wato Paje da Jambiani da Bwejuu da Matemwe da Kiwengwa, ƙasan tekun a baje yake kamar faifai har zuwa wata katangar murjani can nesa. Idan ruwa ya janye yakan ja da baya ɗaruruwan mitoci, wani wurin ya wuce kilomita guda. Mutumin da na ce ya rasa teku a ƙofar otal, abin da ya same shi ke nan: ya fito da hantsi da tawul a kafaɗa, ya tarar da fili fetal, ga kwale-kwale a kwance kan yashi.

Lokacin cikar yana matsawa gaba da kusan minti 50 kullum, kuma wata ne ke jan ragamar abin. Mu da muke lissafi da watan sama mun huta: kwanakin tsayuwar wata da kwanakin 14 zuwa 16, ruwa ya fi cika kuma ya fi janyewa. A tsakankaninsu motsin kaɗan ne. Kowane otal na gabas yana da jadawalin cikar teku, ka karɓa tun ranar da ka sauka, ka ɗora shirin yininka a kansa.

Ba wai gabas ba ta da daɗi ba ne. A gaskiya ga mai gudun gumi ita ce ta fi, domin iska ba ta yankewa, shi ya sa masu wasan tashi da laima a kan ruwa suka mamaye Paje. Yashinta fari ne sol, mai laushi kamar garin alkama. Idan ruwa ya janye za ka ga matan ƙauye sun shiga gonakinsu na ciyawar teku, sana'ar da ta kafu a wajen tun 1989, suna ɗaure tsiron a igiyoyi tsakanin turaku, su busar, a sayar a yi sabulu da magunguna. Kallon wannan kaɗai ya ishi mutum yini. Jambiani ta fi Paje natsuwa, ita nake zaɓar wa mai iyali.

Idan kuwa burinka ka shiga ruwa duk lokacin da ka ga dama, arewa za ka, Nungwi ko Kendwa, tafiyar kamar kilomita 60 daga birni, sa'a ɗaya da rabi a mota. Gaɓar can tana da gangara, janyewar ruwa ba ta hana wanka, kuma rana a cikin teku take faɗuwa. Kuɗin da za ka biya shi ne hayaniya. Akwai kiɗa da dare, akwai mashaya, akwai Turawa cikin shigar da idonmu bai saba da ita ba. Wanda ya san wannan zai dame shi ko ya dami iyalinsa, ya nemi otal a gefen gari, ko ya koma Matemwe ko Michamvi. Kada ka ji nauyin tambayar otal tun kafin ka biya: akwai gidan rawa kusa? Ana kai giya ɗaki? Akwai wurin wanka da mata za su sake? Wasu wuraren ba sa sayar da giya sam, wasu kuma suna da ɗakuna masu ƙaramin wurin ninƙaya a killace.

Shawarata a raba kwanakin. Mai kwana bakwai ya yi biyu a tsohon birnin Zanzibar, wato Mji Mkongwe, biyar a bakin teku, kuma ya fara da birnin. Tsohon birnin ya fi ko'ina gumi saboda lunguna ne matsattsu da gine-ginen dutse, gara ka sha wahalarsa da farko, ka ƙare da hutu.

Mataki na biyar: ɗaki da jaka

A watannin zafi, ɗaki mara na'urar sanyaya ɗaki tsimin da za ka yi da-na-sani ne. Fanka iskar ɗakin kawai take juyawa, na'urar kuwa tana tsotse laimar, wannan ne amfaninta na gaske. Daga Yuni zuwa Satumba, a bakin ruwa ta gabas, fanka da taga a buɗe sun isa. Ka tambaya ko suna da janareto, domin wutar tsibirin ta wayar ƙarƙashin teku take zuwa daga babban yankin ƙasar, kuma takan ɗauke. Mu dai ba baƙin wannan ba ne. Gidan sauro ya zama akwai shi a kan gado. Zazzaɓin cizon sauro ya ragu ƙwarai a Zanzibar idan aka kwatanta da namu, amma bai ƙare ba. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Nijeriya, cajarka za ta shiga.

Yanzu maganar da za ta yi wa wasu ciwo: ka bar shaddarka a gida. Shadda mai sitaci da babbar riga da hula mai nauyi, minti goma a lungunan birnin nan sun isa su mayar da su tsumma. Ka ɗauki ɗaya idan kana son ta Juma'a ko ta hoto. Sauran kayan su zama yadi mara nauyi na auduga, jallabiya sakakkiya, wando mai faɗi. Mutanen wurin ma kanzu suke sawa, farar doguwar riga, da hular kofia mai ɗinkin hannu wadda za ta tuna maka da tamu. Ga mata, atamfar auduga da mayafi mara kauri sun fi leshi da duk wani yadin roba. Baƙar abaya mai santsi da rana tsaka azaba ce, a samu mai haske. Idan kun isa, ku sayi kanga, zanen matan Sawahili mai rubutun karin magana a gefe, yana shan gumi yana bushewa da wuri.

Kaya ba sa bushewa. Rigar da za ka shanya a Katsina ta bushe kafin ka idar da sallah, a can sai ta kwana ta yini da ɗanshi. Saboda haka ka ninka 'yan ciki da singileti, ka rage manyan kaya. Man shafawa mai kauri da muke labta da hunturu ba shi da aiki, toshe fata zai yi ya jawo ƙurajen zafi. Hoda ta fi amfani, musamman a hammata da matsematsi. Man kariya daga rana kuwa ka saya, kada ka ce baƙar fata ba ta ƙuna. Rana daga sama, haskenta daga farin yashi da ruwa, kwana biyu kafaɗa da hanci sun fara saɓa. Sai takalmin roba mai rufe ƙafa na shiga ruwa, zan faɗi dalilinsa.

Mataki na shida: kwana ukun farko

Jiki yana buƙatar kwanaki kafin ya saba, cikakken sabo yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, amma kwana ukun farko su ne masu wuya. Yawancin waɗanda suka dawo suna kushe wurin, a nan suka ɓata tafiyarsu: sun sauka da gajiyar jirgi, washegari suka shiga yawon rana tun safe har yamma don kada kuɗi ya tafi a banza, rana ta uku ciwon kai ya kwantar da su.

Ka raba yininka biyu. Zanzibar tana gaban Nijeriya da Nijar da sa'a 2, kuma rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 da 'yan mintuna, ta faɗi wajen 6 da rabi, kusan duk shekara. Daga sallar asuba zuwa ƙarfe 10 shi ne lokacin zinariya: tafiya a bakin ruwa, yawon gari, ɗaukar hoto. Daga 11 zuwa la'asar ka nemi inuwa, ka ci abinci, ka yi ƙailula. Bayan la'asar ka sake fita. Mutanen gari haka suke yi, kalmar da za ka fi ji a bakinsu ita ce pole pole, wato sannu-sannu.

Ka sha ruwa fiye da yadda ƙishirwa ta nema, na gora, ba na famfo ba. Fitsari ne ma'auninka, idan ya yi duhu ka ƙara. Gumi yana tafiya da gishiri, don haka ka riƙe 'yan ƙullin garin gishiri da sukari na kemis, ko ka haɗa da kanka: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Mafi daɗi dai shi ne madafu, ɗanyen kwakwa da ake fasa maka a bakin hanya ka sha ruwan ka kankare naman. Idan mutum ya fara jiri, ko tashin zuciya, ko maganarsa ta rikice, a kai shi wuri mai sanyi, a jiƙa jikinsa, a nemi likita. Wannan ba abin jira ba ne.

A kula da agogonsu. Sawahili daga fitowar rana suke fara ƙirga, ƙarfe 7 na safe shi ne saa moja, wato sa'a ta ɗaya. Idan direba ya ce zai zo saa tatu, ƙarfe 9 yake nufi, ba 3 ba. Ka nuna masa a fuskar waya ku daidaita.

Mataki na bakwai: shiga ruwa

Yawancinmu ba mu iya ruwa ba, kuma iya wankan kududdufi ko na dam ba iya teku ba ne. Ba abin kunya ba ne ka ce ba ka iya ba. Duk kwale-kwalen da zai kai ka tsibirin Mnemba kallon kifaye, ko tudun yashin Nakupenda, ko tsibirin Changuu inda manyan kunkuran da aka kawo daga Seychelles a 1919 suke, kada ka hau sai an ba ka rigar kariya, kai da kowane yaro. Idan ka ga an cika shi fiye da ƙima, ka jira na gaba.

A gabas, idan ka bi ruwa da ya janye kana tafiya, ka riƙa duba lokaci, domin dawowarsa tana da sauri kuma yakan zagayo ta bayanka ya cike kwaruruka. A cikin duwatsu da ciyayi akwai wata halitta baƙa mai dogayen ƙayoyi kamar bushiya. Wanda ya taka ta da ƙafa tsirara, ƙayar karyewa take yi a cikin nama, hutun ya koma ɗingishi. Amfanin takalmin roba ke nan. Ruwan kansa ɗumi gare shi, tsakanin digiri 25 da 29, ba ya girgiza jiki. Bayan ka fito ka ɗauraye da ruwan daɗi, gishiri da gumi idan suka haɗu a fata ƙaiƙayi suke kawowa.

A bakin ruwa samari za su tare ka da tallan yawo da kwale-kwale da tsaraba. 'Yan gari suna kiransu papasi, ma'anarsa kaska. Yawancinsu neman abinci kawai suke yi. Ka ce hapana, asante, wato a'a, na gode, ka wuce, ba faɗa. Idan za ka yi ciniki, ka taya kamar kana Kantin Kwari, kuma kada ka biya duka sai an dawo.

Abin da ya sa Bahaushe ba ya jin baƙunta

Tsohon birnin, Mji Mkongwe, yana cikin wuraren tarihi na duniya da UNESCO ta amince da su tun 2000. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, shi ya mayar da fadarsa nan daga Maskat a ƙarni na 19, arzikin kanumfari da hauren giwa da bayi ya gina gidajen da ƙofofinsu na katako masu sassaƙa suke nan har yau. An rufe kasuwar bayi a 1873, aka gina cocin Angilika a wurin. Ka je ka ga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nunawa. A cikin gumin nan, minti biyar a ciki ya isa ya sa ka yi shiru. Beit al-Ajaib, gidan da Sarki Barghash ya gina a 1883, wani sashensa ya rufta a Disambar 2020, daga waje ake kallonsa. A can kudu, masallacin Kizimkazi yana ɗauke da rubutun Kufi na shekarar 1107.

Sallama ita ce mabuɗinka. Ga dattijo ka ce shikamoo, ya amsa marahaba. Kunnenka zai riƙa tsintar kalmomi kamar na gida, domin rijiya ɗaya ta Larabci muka ɗebo: habari labari, dunia duniya, hatari haɗari, asubuhi asuba, alasiri la'asar, karafuu kanumfari.

Wurin sallah ne za ka yi dariyar kanka. Mu a bakinmu gabas ita ce alƙibla. Zanzibar kuwa kusan a layi ɗaya take da Makka daga kudu, saboda haka alƙiblarsu arewa ce. Kada ka shimfiɗa darduma ka fuskanci inda rana ta fito. Yawancinsu Shafi'awa ne, za ka ji liman ya bayyana bisimilla, da asuba kuma a yi ƙunuti a bayyane bayan ruku'u. Akwai kuma 'yan Ibadiyya, jikokin mutanen Oman, da masallatansu marasa ado.

Abinci ba matsala, naman gari na halal ne, sai dai a manyan otal na baƙi ka tambaya. Pilau da biriani, shinkafa mai kayan ƙamshi, su ne manya. Mishkaki tsire ne ba ƙuli. Ugali tuwon masara ne mai tauri. Urojo wata miya ce mai tsami da dankali da ƙosai-ƙosai a ciki, ta fi daɗi da yamma. Akwai pweza, halittar ruwa mai hannuwa takwas, da ake dafawa da madarar kwakwa. Idan ƙyama ta bar ka, ka ɗanɗana, Malikiyya ba ta hana abin teku ba. Yajinsu ƙamshi ne ba zafi ba, wanda bai iya cin abinci ba barkono ya tafi da ɗan ƙullin yajinsa. Da magariba lambun Forodhani yakan cika da masu gashi. Ka sayi abin da aka gasa a gabanka, ka guji kifin da aka jera tun rana, domin a wannan iskar abinci ba ya jimawa. Ruwan rake da citta da lemun tsami kuwa, sha biyu ma ba laifi.

Ranar komawa

Tsarabar da ta fi ita ce kayan ƙamshi: kanumfari, kirfa, gyaɗar ƙamshi, kurkur. A gonakin da ake kai baƙi yawo a nuna musu itatuwan, farashin na baƙi ne. Ka kalla a can, ka saya a kasuwar Darajani da safe, inda matan gari ke saye. Kanumfari mai kyau idan ka danna shi da farce yana fitar da mai, kuma kansa bai gutsure ba.

Daren ƙarshe kada ka shiga ruwa da kayan da za ka tafi da su. Ka shanya komai a ɗaki, ka kunna na'urar sanyaya ɗaki ta kwana tana tsotse su. Duk abin da ya ƙi bushewa ka naɗe shi daban a cikin kanga, kada ya taɓa sauran, in ba haka ba kafin ka sauka a Kano jakar ta ɗauki warin fumfuna. Idan daga Nungwi ko Jambiani za ka taso, ka ba hanya sa'a 2, ban da sa'a 3 na filin jirgi. Ka ajiye man kaɗe da rigar sanyi a saman jaka, domin Addis Ababa tana kan tudu mai tsayin fiye da mita 2,300, kuma leɓenka zai fara tsagewa tun kana jiran jirgin gida.